Kujerun Jirgin Shamuwa a Teburin Mai Shayi

Assalamu alaikum Kawu Alhaji,

Bayan gaisuwa da girmamawa, yaya ƙafar taka? Yaya Hajiya da yara, yaya zaman Legas? Mu nan Faskari lafiya lau, har an fara yankan gero.

Kawu, abin da na gani har yanzu bai sake ni ba. Ranar kasuwa na je Sabuwa, na tsaya wurin mai shayi, sai na ga mutane zaune bisa kujerun jirgin sama. Na leƙa bayansu, ga tambarin shamuwa, na kamfanin da ka yi wa aiki kafin ya durƙushe! Mai shayin ya ce 'yan gwangwan suka yayyanka jirgin, gangar jikin kuma an narkar an yi tukwane. Bel ɗin kujerar nan da kake cewa shi ke tsare ran fasinja, akuyarshi ya ɗaure da shi.

Ya ce mani, "Malam, zauna mana." Wallahi kasawa na yi. Tun ina yaro kake mani alkawarin wata rana zan zauna bisa irin wannan kujera mu tashi sama, amma a tsaye na sha shayina.

A sa mu cikin addu'a. Inna na gaida kowa, ita dai ban faɗa mata ba.

Ɗanka,
Lawal