Turakun da Baba Ya Kafa

Zuwa ga Yaya Reidun,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Kanada. Allah ya sa ƙafar nan taki ta daina damunki. Mu nan kwarin Sogn kalau muke, ƙanƙara ta narke, tumaki sun hau dutse. Baba ya cika tamanin da uku, har yanzu ba ya yarda a riƙe masa hannu.

Yaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya cika, ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin ji autanmu Eilif ya dawo daga Oslo, Baba ya ba shi gangaren da ke saman gona ya gina gida. Filin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne turakun. Kin san al'adarmu, ba a haƙa tushe a jikin dutse sai an kafa turaku an bar su sun yi hunturu guda, a ga ta inda ƙanƙara ke zamewa da inda ruwa ke bi in ta narke. To tsohon nan da kansa ya kafa wa Eilif, kuma duk Asabar sai ya dogara sanda ya hau dubawa. Ina kallonsa ta tagar kicin, kofina yana hucewa a hannu. Sau biyu ya sa aka matsar da wurin gini gabas. Shi kuwa Eilif mai gidan yana ƙasa yana zaɓen kalar fenti.

Da aka yi gayyar sare bishiyoyi, duk mutanen kwarinmu sun fito, har da maƙwabcinmu Aslak mai ciwon baya, wanda ya ce da ni in saki fuska kada madarar kofi ta yi tsami. Ni na huda dutsen, na dasa nakiya, na lulluɓe da tabarmin tsofaffin tayoyi, ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗa kan rufin Baba ba. Shekara talatin ina wannan aiki. Amma da ƙura ta lafa, kafaɗar Eilif Baba ya dafa, wai ya samu wuri mai kyau. Matata Jorunn ta ce hassada ga mai rabo taki ce, na ce na sani, ƙyashin dai nake ji.

Ranar Lahadi na kasa haƙuri. Na tambayi Baba me ya sa ni bai kafa mini turaku ba lokacin da na gina gidana, ga shi duk shekara in ƙanƙara ta narke ina kwashe ruwa da bokiti a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ya daɗe yana shafa man shanu a burodi, sannan ya ce ya kafa, guda takwas, ni na tuge su da hannuna ina ɗokin shigo da motar haƙa kafin bikin aurena da Jorunn. Wallahi sai na tuna. Na ɗauka ragowar shingen tumaki ne, a murhu na ƙone su. Na ce me ya hana shi magana, ya ce ya ga na riga na zama babban mutum, bai so ya kunyata ni gaban amarya ba.

Na san sauri ya haifi nawa, laifina ne. Amma Yaya, ke kin san Baba. Da Eilif ne ya tuge su, da ya bi shi har gida da faɗa, ya sake kafa wasu. Ni kuwa ya tsaya yana kallo har na gina a kan hanyar ruwa.

Ki gaida maigidanki Harald da yara, su Ingunn da ƙaramin Sverre. Jorunn na gaisuwa. Kada ki ambaci wannan in kin kira Baba.

Ƙaninki,
Oddvar