Ta Shafa Wa Kekena Koren Fenti

Inna, don Allah ki agaza mini, kwana tara ke nan ban ci abincin gidana ba.

Ni ɗalibi ne a Alƙahira, muna zaune a Ainu Shams da maiɗakina Ummukulthum. Shekara biyu da suka wuce na tsinci wani tsohon keken hawan dutse a Kasuwar Juma'a, cikin tarin ƙarafa. Inna, ba keke ba ne kawai! Ƙirar hannu ce ta wajen 1983, daga mutanen farko da suka ƙago irin wannan keke a duwatsun Amurka, har da sa hannun maƙerin a jiki. Wata bakwai na yi ina neman birkinsa na asali. Duk Juma'a bayan Asuba nakan hau shi zuwa Wadi Digla, can kaɗai nake samun iska a garin nan.

To, kin san wahalar gas ta bana, sai mutum ya yi layi ya saɓo anbuba, tukunyar gas ɗin nan, a kafaɗa. Na tafi Iskandariyya kwana uku, na dawo na tarar Ummukulthum ta kai keken wurin Hussain mai gyaran keke. An yi masa waldar kariya ta ɗaukar kaya a baya, an cire birkin an sa na zamani, an mulke shi da kore shar, sa hannun ma ya tafi. Wai maƙwabta na yi mini dariya, wai kuma kafaɗata take tausaya wa. Har da murmushinta, tana jiran godiya! Na faɗi maganganu, ban ɓoye miki ba. Yanzu ita kuka, ni gaba. Ma'alish ɗin da kowa ke ce mini, wato in yi haƙuri, ya ishe ni. Yaya zan yi?

Mai Keke, Ainu Shams, 2012

Ɗana Mai Keke,

Haushinka na da dalili. Abin da mutum ya raina da hannunsa ba a taɓa masa shi ba da izini ba, ko da alheri ake nufi. Nan Ummukulthum ta yi kuskure.

Amma ka taɓa zaunar da ita ka ba ta labarin keken kamar yadda ka ba ni? Ina zargin a'a. Ita tsatsa ta gani da miji mai ciwon kafaɗa.

Na tambayi masana: su mutanen farkon da kake girmamawa, tsofaffin kekunan masu raba jarida suka kwaso, suka yanke, suka yi walda, suka sauya birki don biyan buƙatarsu. Ashe matarka sunnarsu ta bi.

Yau ɗin nan ka je wurin Hussain ka karɓo tsohon birkin kafin 'yan gwangwan su riga ka. Ka tambaye shi ko sabon fentin zai kankaru a hankali. Wataƙila sa hannun na nan a ƙasa, wataƙila ya tafi, ka shirya wa duka biyun. Kariyar kuwa ka bar ta sai gas ya wadata.

Amma kafin duk wannan, ka wanke hannu ka ci abincinta, ka nemi afuwar maganganun da ka faɗa. Wata bakwai ka yi kana neman birki, ka samu. Mai tausayin kafaɗarka a ƙasar da ba taka ba fa, ba a Kasuwar Juma'a ake tsintar ta ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kiyaye hanya.

Inna