Keken da Na Tuƙa a Madadinka

Zuwa ga Yayana, Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan kana cikin rahama. Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Yau zan faɗe ta, tunda yanzu na girme ka nesa ba kusa ba, ba ka da bakin tsawata mani.

Ka tuna shekarar da kuɗin mai suka shigo, ka jingine keke ka sayi babur, ka ce ƙafarka ta yi sallama da feda? A bazarar nan ciwon zuciya ya kayar da kai kana sharar gona a Mabai. Muka kai ka asibitin birni, Allah ya tashi kafaɗunka. Likita ya ce bayan sati shida ka koma, a manna maka wayoyi a ƙirji, ka tuƙa wani keken da ba ya zuwa ko'ina, a ga ko zuciyar za ta ɗauki noma.

Ranar ta zo, sai ka miƙo mani katinka. Wai babba ba ya tuɓe riga yana haki gaban 'ya'yan cikinsa, ina amfanin ƙane? Suna, ni kake turawa. Gaisuwar mutuwa, ni. To, wannan ma ni.

Likitan da na tarar sabo ne, bai san fuskarka ba. Aka kira sunanka, na amsa. Na tuƙa har gumi ya jiƙe mani wando, wai kada in ba ka kunya. Ya duba takardar, ya rubuta a koma aiki.

Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka nuna takardar ga matarka Hajiya, wadda ta ɓoye maka hauya a bayan rumbu. Ta ɗauko ta ba ka da hannunta. Kwana tara tsakani, aka tsince ka kife cikin dawa.

Wa ka yi wa wayo, Yaya? Wa? Har Hajiya ta koma ga Allah tana yi wa likitan nan Allah ya isa, ni kuwa ina gefe, bakina gum. Ina fushi da kai. Na fi fushi da ƙanen da bai taɓa iya ce maka a'a ba.

Likita dai bai yi ƙarya ba. Zuciyar da ya auna tana nan tana bugawa, ta ƙi gajiya, kullum da kewarka.

Allah ya gafarta maka taurin kai, ya yafe mani biyayyata, ya wanke bawan Allah nan da muka sa aka zaga.

Ƙanenka,
wakilinka.