Wushiryar da Aka Toshe Mini a Parakou

Zuwa ga Likitan haƙorin da ya duba ni a Parakou,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan aiki lafiya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A gida na ce ba a tambaye ni ba, alhali an tambaye ni. Ka yi dogon bayani da Faransanci, ka dube ni, na sunkuyar da kai na amsa. Ban gane ba. A aji shida na bar lakwal, wato makaranta, kuma a gidanmu na Djougou yarinya ba ta ce wa babba ya maimaita magana.

Shekaruna goma sha biyar. Na faɗo daga babur a unguwar Titirou da na zo wurin gwaggona, gefen haƙorina na gaba ya gutsure. Shi kaɗai na kawo a gyara. Da aka miƙo mini madubi, sai na ga an cike har wushiryata.

Abu biyu ke damuna. Na ɗaya: a wurina wushirya ba ciwo ba ce. Ta marigayiya mahaifiyata ce na gada. Da na koma Djougou na yi dariya, kakata ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta shige ɗaki.

Na biyu: wadda ta sa hannu a takardar amincewa da aikin maƙwabciyar gwaggona ce da ta rako ni. Ba a tambaye ta ko ita wace ce ba. Daga baya malaminmu na da ya ce aikin likita ne ya yi bayani da harshen da mutum ke ji, idan yaro ne kuma a nemi yardar waliyyinsa.

Na san gyara ka yi nufi, kuma hannunka bai yi mini zafi ba. Ni ma da laifina, da na yi shiru. Amma ma'aikaciyarka tana jin Dendi, yaren da ni ma nake ji, na ji ta tana waya.

Ina roƙo, idan yarinya ta sunkuyar da kai, a sa ta faɗi da bakinta abin da za a yi mata.

Gwaggo ta ce mu dawo a kankare cikon. An ce haƙorin zai iya raunana. Na yanke zan bar shi haka, ba zan zo ba.

Allah ya yi wa aikinka albarka, ya kare ka da iyalinka.

Wassalam.

Ramatu, daga Djougou