Haƙoran Gagara

Agiye, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Dija,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya a Cadakori, ke da yara da maigidan. Mu lafiya lau, sai dai wani abu da ya tsaya mini a wuya.

Kin san wasan nan na cikin wayar maigidana, wanda ake kama dabbobi a rene su a haɗa su faɗa. Yana da wani baƙin kare da ya sa wa suna Gagara, tun kafin aurenmu yake renonsa. Duk ƙarfinsa a cizo yake: in ya kai cizo sai abokin faɗa ya razana ya kasa ramawa.

Ran Juma'a ya bar wayar a caji ya tafi masallaci, ni kuwa na ɗauka. Ina cikin wasa sai aka ce Gagara zai koyi sabuwar dabara, wadda ke sa abokin gaba ya kamu da sonsa. Amma dabara huɗu kawai yake riƙewa, sai an goge ɗaya. Yaya, littafin soyayyar da nake karantawa ne a kaina. Na ce ina amfanin cizo ga wanda ake so? Na goge cizon.

Ashe ran Lahadi yana da karawa da wani Tanimu a tashar Gidan Rumji, gaban duk masu lodin hatsi abokan aikinsa. Gagara ya tsaya yana ta yanga, aka yi masa lilis. Dabarar tawa a kan mace kaɗai take ci, na Tanimu kuwa namiji ne.

Jiya tun dare bai yi ba ya dawo, ya ɗora laifin a kan ƙaninsa Ridwanu makaniki, don shi ya saba aron wayar. Ya ƙi sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ridwanu bai musa ba. Ya san ni ce, don in ya wuce ƙofata sai ya haɗa haƙora ƙas, ya yi gaba yana dariya. Inna, uwarsu, ko abincinta ba ta ci ba.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Hamdiya

Agiye, ranar Laraba

Zuwa ga maigidana, hasken idona,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya aiki, ya zafin Gidan Rumji? Inna tana gaishe ka.

Na ba direba wannan takarda don bakina ba zai iya ba. Ridwanu bai taɓa wayarka ba. Ni na cire wa Gagara cizonsa, da sanina, ba kuskuren yatsa ba ne. Na zaci kyauta nake yi maka. Na nemi hanyar mayar da shi ban samu ba, sai na ajiye wayar na yi shiru. Shirun nan ya fi gogewar muni, don ina tsaye riƙe da buta lokacin da ka janye hannunka daga kwanon.

Ka yi fushi da ni yadda ka so, amma ka ci abinci da ɗan'uwanka.

Taka har kullum,
Hamdiya

Agiye, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Dija,

Gaisuwa da fatan alheri. Na rubuta masa gaskiya, kuma ya zo jiya.

Na shirya wa faɗa, har na tanadi hawaye irin na littafi. Amma bai bi ta kaina ba. Garejin Ridwanu ya wuce, ya riƙo hannunsa har gaban Inna, ya cire hula ya ba shi haƙuri. Babba ga ƙaninsa, Yaya, saboda ni. Da na kawo tuwo ban iya ɗaga ido ba. Kwano ɗaya suka ci, Inna ma ta nemi ƙari.

Da safe ya ajiye mini wayar a kan gado, ya ɗauke littafina kashi na uku, wanda ban gama ba, ya sa a aljihu. Ya ce zan gan shi ranar da na kama masa wata dabbar mai cizo, na rene ta da hannuna. Tun hantsi nake yawo cikin ciyawar wasan, tsuntsaye kawai nake samu.

A gaida yara.

Ƙanwarki mai jin kunya,
Hamdiya