Angon Baba Ya Karkace

Anti Safara'u, ki taimake ni don girman Allah, kuma kada ki yi min dariya, duk da ni ma da a gidan wata abin ya faru da na yi ta har cikina ya ƙulle. Kifi ne ba shi da lafiya a gidanmu. Ba na miya ba, mai rai, wanda ake ajiyewa ana kallo.

Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Makoda da Ɗambatta. Surukina, da muke kira Baba, masunci ne a da can bakin Tafkin Cadi, kafin ya dawo nan ya kama noma. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da magani hannu da ƙafa suka ɗan saki, amma mutum ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Tsohon da in ya ɗauko labarin tafki sai kin ƙirƙiro fitsari kafin ki tsira, ya koma daga e sai a'a. Abinci ma sai an yi ta lallashi.

Maigidana mutumin kirki ne, amma in ya shiga Kano bayan ya sayar da gyaɗa, sai dai addu'a. Ina nan ina jiran injin markaɗe, sai ga shi da akwatin gilashi, da wani ɗan inji mai tayar da kumfa, da kifi ƙwaya ɗaya da bai fi yatsana ba, ruwan lemo da ratsin fari. Wai kifin teku ne, a ruwan gishiri yake rayuwa. Na tambayi yadda ake dafa shi, aka harare ni kamar na zagi dangi.

Amma Anti, dole na yi shiru. Da aka ajiye akwatin a ƙofar ɗakin Baba, ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce duk kifin da ya kama a rayuwarsa bai taɓa ganin wanda ya ci kwalliya kamar mai zuwa ɗaurin aure ba. Nan take ya raɗa masa suna Ango. Tun daga ranar a waje yake wuni. Yana cin tuwonsa a gaban gilashin, yana ba Ango labarin tafki, shi kuwa ba inda zai gudu. Ranar da na ji Baba ya yi dariya, sai da na shige madafa na share hawaye.

To, maigidan ya bi motar hatsi zuwa kudu, ya bar ni da amana, bayanin da ya yi min kaf shi ne ruwan gishiri ne. Kin san zafin garinmu, kullum ruwan sai ya ragu. Ni kuma ba yau na fara girki ba: in an ƙara wa miya ruwa, ai sai an ƙara gishiri. Sai in ɗebo na rijiya, in barbaɗa gishiri, in ɗanɗana da cokali, in zuba. Ranar da na ji kamar ya yi salam, har ƙari nake yi.

Ga kuma 'yan kallo. Garin nan kaf an zo gaida Ango, kuma kin san mu, ba a zuwa wajen baƙo hannu rabbana. Goggo Falta, ƙanwar Baba, ta duba ɗan abincin da aka haɗo shi da shi ta ce wannan ko tururuwa ba zai ƙosar ba, abin kunya ne baƙo ya rame a gidan yayanta. Ta murmusa masa ƙuli-ƙuli. Wata ta kawo dambu, wata ta gutsuro fura. Yanzu ruwan ya koma kamar ruwan tsari na wankin hatsi, har wani wari yake. Injin kumfar ma, in maƙwabta suka kawo cajin waya, nakan cire shi daga sola, don na ɗauka ado ne.

Yanzu Ango ya karkace gefe guda. Yana kaɗa jela amma ba ya zuwa ko'ina, ya nutse ƙasa, ya taso sama yana buɗe baki. Goggo ta ce kambun baka ne, ta turara shi da habbatus sauda. Wani ya ce a jefa masa rabin ƙwayar maganin zazzaɓi. Wani marar imani ya ce a soya kafin a yi asara, abin da ko kyanwa ba za ta gode ba.

Jiya Baba ya ce Ango ya karkace ta ɓangaren da shi ma ya karkace. Daga nan ya mayar da kwanon tuwo yadda na kai shi. Wallahi tsoro nake ji kifin nan ya mutu tsohon ya koma ɗaki. Har na fara tunanin in ya mutu in aika a sayo irinsa a ɓoye a musanya. Yaya zan yi?

Daga wadda kifi ya hana sakat, ƙasar Makoda.

Amsar Anti Safara'u

'Yar uwa, na yi dariyar, ki yafe min. Amma da na zo kan kwanon tuwon da ya dawo, dariya ta tsaya. Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike riƙe da surukinki.

Ango ba miya ba ne. Rana ruwa kawai take shanyewa, gishirin yana nan a ciki. Duk sanda kika ƙara, ƙara masa azaba kike yi, kuma gishirin girki ba shi ne na teku ba. Daga yau cikon akwatin da ruwa zalla ne, na gora mai tsabta. Tunda gishirin ya riga ya yi yawa, ki riƙa kwashe kaɗan kina mayar da ruwa zalla kaɗan, a hankali. Kada ki juye duka lokaci guda, sauyin gaggawa shi ma kisa ne. Cokalin ɗanɗanon nan ki mayar da shi madafa.

Ki tsame duk wani ƙuli-ƙuli da dambu da ke ruɓewa a ƙasa, shi ne ya zama guba a ruwan. A bar Ango ba abinci na kwana ɗaya ko biyu, ba abin da zai same shi. Injin kumfa numfashinsa ne, ba a cire shi, masu caji su nemi wani gidan. Ki janye akwatin daga rana. Ba turare, ba maganin mutane.

Ki karɓi lambar mai shagon da ya sayar da Ango a wajen maigidanki, ki tura masa bidiyon kifin. Ki ce ya ba direban motar Ɗambatta gishirin teku na musamman da ma'auninsa, ya gaya miki yadda ake haɗawa da sauya ruwan. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Wanda ya sayar bai yi bayani ba, wanda ya saya bai tambaya ba. Goggo Falta kuwa kirki ne ya yi mata yawa, kada ki yi faɗa da ita. Ki gaya wa Baba gaskiyar abin da ke damun Ango, ki naɗa shi mai gadi, a ajiye masa sandarsa kusa. Duk mai son jefa fura ya fara bi ta kansa. Mutumin da aka ba aiki ba ya samun lokacin komawa ɗaki.

Ba zan yaudare ki ba, kifin teku a ƙauye wahala ne, yana iya tashi, yana iya tafiya. Amma batun musanya ki bar shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kwalekwale ba za ki yi masa wayo da kifi ba, kuma ranar da ya gane, zai san kun fara ɗaukarsa yaro. Wannan ya fi mutuwar Ango ciwo. In ta faru, ki gaya masa. Sannan maigidanki ya sa shi a mota zuwa dam ɗin Bagwai, ya zaɓi 'yar karfasa da kansa, wadda ta san ruwanmu ta san zafinmu.

Kuma in kin kai masa tuwo, kada ki ajiye ki wuce. Ki zauna ki tambaye shi labarin tafki, ki riƙe fitsarinki har ya kai ƙarshe. Abin da Ango ya fi ku da shi ke nan, shi bai taɓa tashi ya bar shi ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya miƙar da Ango, ke kuma ya kawo miki injin markaɗenki.