Ƙorafi Kan Fasa Tiyatar Nellie Etsitty

Verna Etsitty,
Lukachukai, Ƙasar Nabaho, Arizona.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Shugabar Asibitin Jan Tsauni,
Uwargida Corinne Aldridge.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: FASA TIYATAR MAHAIFIYATA DA RUBUTA CEWA TA ƘI MAGANI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da ofishinki cewa ba a yi wa mahaifiyata, Nellie Etsitty, mai shekara 74, tiyatar cire ƙarin da ke hanjinta ba. An sa ranar 26 ga Satumba. Ta bar asibitinku ranar 25, da ƙafarta, bayan ganawar minti shida da Likita Harlan Voss. Ina wurin.

1. Ranar 19 ga Satumba na cike takardar shiga asibiti. A gurbin da kuka ware wa al'ada na rubuta cewa mu Dine, wato mutanen Nabaho, ba ma ambata wa mutum mugun abu a kansa, domin a wurinmu faɗin abu kiransa ne. Na nemi a gaya mata duk haɗarin aikin, amma a ce ga abin da ya taɓa samun wasu. Ma'aikaciyarku ta buga hatimi. Kwafin yana haɗe.

2. Likita Voss bai buɗe shafin ba. Ya tsaya a kanta, ya nuna ta da alƙalami, ya ce za ta iya zubar da jini, za ta iya ƙin farkawa, za ta iya mutuwa. Babu tafinta, an ce ya tafi cin abinci. Ba ta buƙaci tafinta ba, ta san kalmar ƙarshe. Ta juyo gare ni ta ce: "Yaron nan ko gaisuwa bai gama ba ya haƙa mini kabari. Miƙo min bargona, 'yata."

3. A fayil ɗinta an rubuta: "Ta ƙi magani." Wannan ba gaskiya ba ne. Matar da ta raba tumakinta arba'in ga maƙwabta su riƙe mata, ta sauke zaren saƙarta, ta yi tafiyar awa biyu a kan hanya mai gargada, ba gudun magani ta zo yi ba. Da na karanta mata, cewa ta yi: "Ke da kike 'yar jarida, rubuta musu. Ban ƙi wuƙarsu ba, bakinsa na ƙi."

Ban nemi a ɓoye mata komai ba, kuma na san doka ta wajabta bayani. Dokar ba ta ce a yi shi da nuni ba.

Mai waƙar warkarwa na yankinmu ya yi mata addu'ar wanke maganar. Ta yarda ta dawo. Don haka ina neman a goge wancan rubutu, a sa sabuwar rana cikin wannan wata, tafinta yana zaune, wani likita ya yi bayanin yadda na nema. Ba za ta sa hannu a takardar da ke cewa ta canza ra'ayi ba, domin ba ta canza ba. Idan ban ji amsa ba zuwa ranar 21, zan miƙa takardun ga hukumar lafiya ta Ƙasar Nabaho.

A awon watan Agusta, ƙarin ya kai santimita uku. Tun daga lokacin babu wanda ya sake auna shi.

Ki huta lafiya, tare da dukan ladabi.

Verna Etsitty
'Yarta, mai kula da jinyarta